Madannin Sallah a Shagon Kawu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Gwarzo, ni da wani abokin karatuna, jakar kwamfuta a cinyata kamar jariri. Rogo muka nufa, wurin kawuna kafinta. Ya sayi tsohon injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta, amma ya rasa yadda zai sarrafa shi. Manhajar da ke tuƙa injin kyauta ce, kowa na da izinin buɗe cikinta ya gyara, sai dai fuskarta cike take da Turanci da lambobi. Hutuna kaf na ƙarar ina rage mata madannai, ina mayar da sauran Hausa.

A Karaye muka sauya mota. Damina ta yi albarka, dawa da gyaɗa sun rufe gefen hanya, direba na kauce wa ramuka kamar mai gudun surukai. Da soyayyen kifin dam muka karya. Abokina ya tsaya ciniki, ni kuwa kunya ta sa na biya yadda aka faɗa.

Kawu ya tarbe mu da fura da nono, ya tambayi lafiyar kowa har akuyar gidanmu. Sannan ya nuna mana katakon maɗaci ɗaya tilo, na ƙofar wani masallaci a Gwangwan. In ya lalace babu madadinsa, kuma da sunan Kawu zai lalace.

Muka gwada a guntun katako, ya yi kyau. Muka ɗora katakon maɗacin a kan injin, Kawu da kansa ya danna "Fara". Zanen ya kai rabi sai aka kira azahar. Kamar yadda ya saba kullum, ya miƙa hannu ya kashe janareta. Injin ya yi tsit, ya manta inda bakinsa yake.

"Kawu, ai ba a kashe shi a tsakiyar aiki," na ce a hankali.

"To ɗana, liman na jan sallah shi yana ihu? Waɗanda suka ƙera shi ba sa tashi ne?"

Da muka dawo daga masallaci muka durƙusa da ma'auni, muna lallaɓa bakin injin har ya koma ramin da ya tsaya. Na tayar da shi. Layin ya haɗu, sai ɗan tabon da yatsa ke ji, ido ba ya gani.

Kafin la'asar na ƙara babban madanni kore, mai ɗaga bakin injin ya adana wurin da aka tsaya. Na rubuta masa "Dakata". Kawu ya leƙo ya ce, "Goge. Rubuta Sallah."

Washegari muka dawo Kano da ƙunshin gyaɗa da gajiya. A mota na yi ta tunani: na fassara kowace kalma, amma ban taɓa tambayar yadda yinin kafinta ke tafiya ba. Jiya Kawu ya kira, ya ce an kafa ƙofar. Madannin kuwa, har in zai ci tuwo shi yake dannawa.