Tsiron da ya sa na zargi Asabe

Jama'a, salamu alaikum. Fiye da shekara arba'in ina riƙe da maganar nan, sai yau Asabe ta yarda in faɗa.

A 1978 ina ɗinki a unguwar Ali Kazaure, aurenmu da ita bai cika shekara ba. Wata safiya ina wanka na ji wasu 'yan tsiro a gabana, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ba zafi, sai ɗan ƙaiƙayi. Cikin wata biyu suka yi yawa.

Tun da na yi aure ban kusanci wata mace ba. Don haka zuciyata ta tafi kan Sule, ɗan kawunta mai tasi, wanda ya neme ta kafin ni. Idan ya yi hon a layinmu sai in bar keken ɗinki in leƙa. Idan ta yi kwalliya, in ce don wa. Har jakarta na bincika.

Ranar da na faɗa mata, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ni kake nufi?"

Na ce ta tafi gidansu a unguwar Rikkos.

Na sha jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Da kunya ta ƙare na je asibiti, na yanki kati, na zauna a benci ina ɓoye fuska.

Likita ya duba ya ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta haɗuwar fata wajen kwanciya. Na ce ai na san wadda ta ba ni.

Ya ce, "Kafin aure fa?"

Sai na tuna. Akwai wata da na yi hulɗa da ita a unguwar Congo-Russia, lokacin samartaka.

Ya ce, "Cutar nan tana kwanciya watanni, har fiye, ba alama. Mai ita ma bai sani ba. Kawo matarka a duba ta."

Duk mako ana shafa mini wani magani mai ƙuna, in wanke bayan awanni. 'Yan tsiron suka tafi, suka dawo, a ƙarshe aka ƙone su. Wata biyar na yi ina zarya.

Zuwa Rikkos ya fi mini maganin zafi. Na durƙusa gaban mahaifinta na faɗi komai. Asabe ta bi ni asibiti, ba a ga komai a jikinta ba. A hanyar dawowa na tambaye ta ko Sule ya zo gaishe ta. Kun ji ni fa, bayan duk wannan.

Ta ce, "Likita ya warkar da ƙasa, saura sama."

Wata uku ta ƙara a gidansu kafin ta dawo.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitan nan da ban ma riƙe sunansa ba. Yanzu ana kiran cutar HPV, kuma wani nau'inta na jawo sankarar bakin mahaifa. Ku kai 'ya'yanku rigakafi, mata ku je gwaji ko ba ku jin komai. Maza, in kun ga tsiro, ku fara zuwa asibiti kafin ku buɗe baki a gida.

Asabe, na gode.