A Saita Ta Ina Ciki

Arlene Koskela ta shekara ashirin da bakwai tana raba wasiƙu a hanya ta uku, ni kuma shekarata goma sha ɗaya a hanya ta biyu, teburinmu na jera wasiƙu manne da juna. Hanyarta mil tamanin da takwas ce, akwatin wasiƙa na bakin hanya ɗari huɗu da goma sha biyu, karnuka tara, biyu daga ciki mugaye. Na sani domin na riƙe mata hanyar kwana shida lokacin da mijinta ya rasu, kuma na ƙirga.

Shekararta sittin da uku. Motarta ƙaramar bas ce mai ƙofar da ake ja gefe, ta cire kujerun baya tun ranar da ta saye ta don ta samu wurin kaya. Kamar kowannenmu, a kujerar dama take zama, gefen akwatuna. Takan miƙa ƙafar hagu can gefen direba ta taka totur da birki, hannun hagu a kan sitiyari, na dama yana jefa wasiƙa ta taga. Ni sai da na yi wata biyu kafin bayana ya daina ciwo da wannan zama. Ita a haka take shan kofi, ba ya ko zuba.

A watan Afrilu, da ƙanƙara ta fara narkewa, ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe a kusa da tsohuwar mahaƙar tagulla. Tun daga ranar motar ta fara janta dama. Cikin kwana goma sha tara ta tuge akwati biyu, na gidan Hendrickson da na cocin Lutheran. A shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa goge ko ɗaya ba.

Gail, shugabar ofishinmu, ba muguwa ba ce, amma takarda takarda ce. Ta ce in na uku ya faɗi, dole ta sauke ta daga hanyar. Babbar matsalar kuwa ba Gail ba ce. Denise ce, 'yar Arlene, ma'aikaciyar jinya a birni, mai tafiyar awa biyu daga garinmu. Mahaifinta shanyewar jiki ce ta kashe shi, kuma da kaucewa daga layi a tuƙi ya fara.

Duane Lahti, makanikin da yake duba mana motoci duka, yana kwance an yi masa aikin gwiwa. Sai Denise ta zo ranar wata Asabar ta ɗauki motar ta kai wani babban gareji a birni, aka yi mata saitin ƙafafu, abin nan da suke cewa alaimen. Ta dawo da takarda, lambobi goma sha biyu, duka kore, alamar komai daidai. Ranar Talata Arlene ta kusa kwashe akwatin gidan Maki, madubin motar ya fashe.

Ranar Laraba da la'asar Denise ta same mu a bayan ofis muna sauke kwandunan da babu komai. Takardar tana hannunta.

“Mama, ga shi nan a rubuce. Motar lafiyarta ƙalau. Ni na tuƙo ta tun daga birni, ko motsi ba ta yi ba.”

“To ni ce ba lafiya ke nan?” in ji Arlene.

“Ban ce ba. Cewa na yi a duba ki. Ki ajiye hanyar nan ƙarshen wata, ki zo ki zauna da mu. Mun kwashe kayan motsa jikin mijina, ɗakin yana nan.”

“Ɗakin da injin wanki yake? Na gode. Ke yarinya, ni na koya miki tuƙi, kin manta garejin maƙwabta da kika shige da baya?”

“Shekarata goma sha shida a lokacin!”

“Ni kuma ashirin da bakwai nake da su a wannan kujerar. In na ce miki mota tana ja, tana ja.”

“Baba ma haka ya ce.”

Arlene ta ajiye kwandon hannunta a hankali, kamar ƙwai ne a ciki. Ni dai ba na son gardamar da ba ta da awo, sai na ce musu mu je titin filin jirgi, mil biyu miƙe sumul, mu gwada.

Denise ta fara, tana kujerar direba, mu biyu muna biye da ita a motata. Muka ce ta kai gudun mil talatin ta sassauta riƙon sitiyari. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin tayar dama ta taɓa farin layi. Sau uku muka yi: goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha ɗaya. Sannan Arlene ta shiga kujerar dama yadda ta saba. Huɗu. Huɗu. Biyar.

“Kin gani?” in ji Denise. “Mota ɗaya, titi ɗaya. Mene ne ya canza in ba ke ba?”

Na dubi lambobina, a fili suna goyon bayan Denise. Arlene kuwa ta fito ta zagaya motar ta tsaya tana kallon tayar dama ta gaba.

“Mutanen nan naki na birni,” ta ce, “da suke saitin, wa ke cikin motar?”

“Kamar ya wa ke ciki? Ba kowa mana. Ɗaga ta aka yi sama.”

“Gishiri fa?”

“Wane gishiri kuma, Mama?”

Ni Arlene ta juyo wa. “Marcy, kira min Duane. Ki ce ko da rarrafe ne ya buɗe gobe.”

Washegari ƙarfe huɗu, bayan mun gama hanya, Duane ya buɗe yana dogara sanda. Denise ba ta koma birni ba, ta nemi wata ta riƙe mata aiki. Da ya karɓi takardar sai ya riƙe ta nesa da fuskarsa ya karanta.

“Aikinsu mai kyau ne,” ya ce. “Ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Sun saita motar mutumin da yake zama a hagu yana kai yara makaranta. Laifinsu ɗaya, ba su san uwarki ba.”

Ya nuna da sandarsa wani lungu inda buhunan gishirin tace ruwa suke jibge. Ya ce duk motar mai raba wasiƙa da ta hau na'urarsa sai ya ɗora buhuna a kujerar dama da bayanta, daidai nauyin mai ita da kayan rana ɗaya. Motar da ta yi mil dubu ɗari biyu da arba'in nauyinta duk a gefe guda, kullum tayar dama tana sauka gefen kwalta tana hawa sau ɗari huɗu, sifirin ɗinta na wannan gefen ya riga ya gaji. In babu kowa a ciki tsaye take ƙyam. In aka zauna sai ta durƙusa, tayar ta karkace. Ramin Afrilu ya ƙara lalata lamarin, su kuma na birni suka gyara abin da suka gani a motar da ba kowa.

“Marcy buhu uku ce,” ya ce. “Arlene da huɗu muka fara. Bana dai ina jin sai na ƙara rabi.”

“Ƙara wa gwiwarka,” in ji Arlene. “Tsoho gurgu. Yau ba gishiri. Da ni za ka saita ta, ina ciki, yarinyar nan tana kallo.”

“Ba a ɗaga mota da mutum a ciki, Arlene.”

“To ka kira 'yan sanda. Shugabansu ma, sheriff ɗin, ni nake kai masa wasiƙa.”

Ya fara ɗora motar ba kowa, ya maƙala wa tayoyin na'urorinsa. Allon ya nuna kore, goma sha biyu cif, kamar takardar. Denise ta harɗe hannu. Sai muka loda kwanduna shida cike da tsofaffin mujallu a baya ta dama, Arlene ta hau kujerarta da kwalbar kofinta, ta miƙa ƙafa kan birki kamar za ta fita aiki. A gaban idonmu lambobi uku suka koma ja, duka na tayar dama ta gaba.

Denise ta matsa kusa da allon. Ta ce uwar ta sauka. Kore. Ta ce ta koma. Ja. Sau uku ta sa ta, Arlene tana hawa tana sauka, a na ƙarshe ta dube ta.

“Ko in yi ta yi har ki gaji? Ni ban gaji ba.”

Duane ya ɗaga motar, ya zauna a kan kujera mai taya ya shiga ƙarƙashi. Minti talatin da takwas ya yi yana kwance noti yana ɗaurewa, Arlene tana sama tana faɗa masa wanda ya sayar da gona da wanda matarsa ta koma Wisconsin. Da ya fito sai ya ce mata sifirin ɗin nan sai an canza shi kafin sanyi, kuma tayar dama ta cinye ta ciki, ta shafa da hannunta ta ji. Ta shafa, ta ce a sa sabuwa yanzu.

Muka koma titin filin jirgi mu uku a motar, ni da Denise muna tsugune a baya tsakanin kwanduna. Arlene ta kai talatin ta sassauta hannu. Na ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Goma sha uku.

Denise ta share ido da bakin rigarta. “Duk da haka ina so likita ya duba ki.”

“Zai duba ni a watan Yuni, kamar kowace shekara, da ƙafata zan je. Amma hanya ta uku ba a ajiye take ba. Ki gaya wa mijinki ya mayar da kayan motsa jikinsa ɗakin nan.”

“Mama, tsoro na ji.”

“Na sani. Ni ma na ji, daren Talata ban runtsa ba. Sai dai ni na san inda nake zama.”

Ta sauke Denise a wurin motarta, ta miƙa mata rabin burodin kirfa da ya rage mata na rana, ta ce ta tuƙa a hankali, akwai barewa a hanyar birni. Sannan ta ce da ni in shiga in gaya wa Gail cewa gobe ƙarfe bakwai saura kwata tana nan, kuma a ajiye mata manyan kaya a bakin ƙofa, kada a jibge mata su can ciki kamar na ranar Litinin.