Fararen Kaya a Ranar Kamuna

Har ƙasa ta rufe min ido ba zan manta ranar kamuna ba, ranar da wasu mawaƙa 'yan mata uku na ƙasar Koriya, waɗanda ba su ma san akwai gari wai shi Zariya ba, suka kusa watsa min biki.

Gab da sojoji su sauka daga mulki ne aka tura wani ɗan baffana kwas can ƙasar. Mutane na dawowa da tsarabar kirki, shi sai ya dawo da kaset ɗin bidiyo na waɗannan yara, wai su ake yayi. Sirara da su, fararen kaya fat daga sama har ƙasa, gashi har kafaɗa, suna ɗaga hannu suna juyawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. In sun fito kuma, daga tsaye suke sunkuyar da kai su gaida 'yan kallo.

Ƙanwarsa, sa'ata, ita ce babbar ƙawar amarya a bikina. Dama can akwai iyayi, sai kaset ya ƙarasa ta. Gidansu na Tukur-Tukur ya koma sinima. Da an kawo wuta za ka ga 'yan mata na kwararowa har daga Gyallesu. Babu wadda ta san ma'anar kalma ɗaya, amma kowa na rerawa da lumshe ido, ko da kuwa iyayensu ake zagi a ciki. Ita da ƙawayenta biyu suka raba mawaƙan a tsakaninsu, ita ta ɗauki ta tsakiya mana, wa zai ja da ita? Suka tsefe kitso suka lafta man miƙar da gashi, har ƙeyar ɗaya ta sale.

Da na kai mata atamfar anko, sai ta ɗaga ta da yatsu biyu.

"Atamfa kuma? Ai kan mage ya waye."

Na ce, "Ke dai ki sa abin da aka fitar."

Ta ce to. Ashe sun riga sun ƙulla nasu. Yadin da ke jikin mawaƙan bai samu a kasuwa ba, sai suka yanko farin alawayyo, wanda duk cikin birni an san likkafani ake yi da shi. Telan unguwarmu ya ce shi ba da hannunsa ba, suka kwasa suka kai Wusasa.

Ranar kamu, bayan la'asar, dangin ango suka iso da turarensu. Jagorarsu gwaggon ango ce, dattijuwa matar malami, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. A al'ada ƙawaye ne ke fitowa su durƙusa su gaishe su, a taɓa barkwanci, sannan a ba su hanya su fesa wa amarya turare. Ni ina ɗaki a lulluɓe, ina leƙe ta gefen labule. Sai na ji an kunna rediyo mai kaset, kiɗan nan da suka naɗa ya tashi. Sai ga su sun jero su uku, fari fat, ba ɗankwali, gashi a sandare kamar tsintsiya. Suka tsaya ƙerere a gaban tsohuwar, suka sunkuyar da kai, suka fara ɗaga hannu.

Wata ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Gwaggon ta dube su sama da ƙasa, ta ce, "Wa ya rasu a gidan nan?"

Ta nuna fararen kayan nasu da yatsa.

"Na ce wa ya rasu, da aka tare mu da likkafani? Kuma ruku'un nan fa, ni alƙibla ce?"

Maimakon 'yar baffan tawa ta zube ta ba da haƙuri, sai ta buɗe baki ta ce, "Gwaggo, ai haka ake gaisuwa a Koriya."

"To Koriya ta zo ta kama amaryar."

Ta mayar da kwalbar turaren cikin mayafi, ta miƙe, sauran suka bi ta. In turaren nan ya fita daga zaurenmu ba a fesa ba, kafin magariba zancen ya isa gidan ango, kuma gidan malamai ba sa ɗaukar amaryar da aka yi wa fatan mutuwa a bikinta. Ɗaurin auren gobe sai dai wani ikon Allah.

Ni ce 'yar fari. Innata ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa nuna ta san da ni a gaban mutane ba, kuma tun da aka fara biki take ƙuryar ɗakin kakarmu saboda kara. Ranar ta fito ba takalmi. Ta sha gaban gwaggon a bakin zaure, ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta riƙe gefen zanenta.

"Hajiya, ki dube ni. 'Yata ce, ta fari. Kada ki tafi min da turaren nan."

Tsohuwar ta dube ta, sannan ta sunkuya ta ɗago ta. Ta dawo ta fesa min turaren da hannunta. Aka rangaɗa guɗa, ni kuwa kuka nake a cikin lulluɓi, ba irin kukan amare ba.

'Yan Koriyar tamu ko a jikinsu, wai tsofaffi ne ba su waye ba. Kaset ya ci gaba da yawo gida-gida har ya tsinke, aka liƙe shi, ya sake tsinkewa. Yau 'ya'yana na kallon magadan mawaƙan nan a waya, ita kuwa 'yar baffan tawa, ta tsakiya, ta zama Hajiya mai hijabi har ƙasa, ita ke musu wa'azi a kai. Ni dai in ta fara sai in tashi in ba ta wuri.

Ban hana yarana kallo ba. Abu ɗaya nake gaya musu, wanda ranar nan ta koya min: kafin ki ari rawar wani gari, ki duba gwiwar wa za ta taɓa ƙasa saboda ke.