Ranar Da Na Ce Ta Kama Sunan Ubanta

Abin da na fi so a ce ban aikata ba a rayuwata bai ɗauke ni minti biyu ba. A tsaye na yi shi, butar ban ruwa a hannun hagu, waya a hannun dama, a bakin titi cikin Nassarawa GRA, da hantsi. Wata mata ta kira ni don in yi magana da mahaifinta da ke kwance a asibiti, ni kuwa na zage ta na kashe wayar. Mahaifin nan nata abokin sana'ata ne na shekaru masu yawa, kuma a lokacin ba ma ga maciji da juna saboda wata muguwar magana da na faɗa masa. Ban ƙara jin muryarsa ba har ya bar duniya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na ga gara in rubuta yadda aka yi da hannuna tun ina da sauran ido.

Sana'ata sayar da fulawa da dashen itatuwa. A jikin katangar wani ofis nake jera su cikin baƙaƙen ledoji: mangwaro, gwaiba, lemo, ciyawar kafet, da fulawar nan mai ƙaya da masu gida suke so ta hau musu katanga. Masu motoci su tsaya, su sauke gilashi, su nuna da yatsa, in ɗauka in sa a but. Haka na yi shekaru, in an zo in sayar, in ba a zo ba in zauna a inuwa.

Shi kuwa abokin nawa Bazazzagi ne, Kirista, ya koyar a wata firamare a unguwar Gama har ya yi ritaya. Malam kowa yake ce masa. Da farko zuwa yake ya sayi dashe ɗaya ya tsaya hira ta awa biyu, har na ce masa tunda kullum yana nan, ya ɗauki buta ya taya ni. Da wasa na faɗa, washegari sai ga shi da tsohuwar riga da takalmin roba. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Ba ya wuni bai ce Kanawa ko gaisuwa sai sun yi ciniki ba, ni ma ba na wuni ban ce masa Zagezagi surutu ne abincinsu ba.

Ban taɓa ganin mutum mai kyautata zato kamarsa ba, har abin yana ba ni haushi. Ba ya iya zaman jira. Ya ɗauki almakashin aske fulawa ya bi layi-layi, yana leƙa ƙofofin manyan gidaje. Ya hango ciyawa ta bushe, sai ya ƙwanƙwasa, ya gaisa da maigadi, ya tambayi lafiyar iyalinsa har na ƙauye, ya ce a gaya wa Hajiya akwai masu gyara a bakin titi. Sau da yawa korarsa ake yi. Ya dawo yana share gumi yana murmushi.

"Malam, yau ma an kore ka?"

"Ba kora ba ce, Bakano. Maigadin ya ce Hajiya tana barci."

"Jiya ma barcin take."

"To ai dole wata rana ta farka. Kai da kake zaune nan kamar an dasa ka a leda, wa zai san da kai?"

Gaskiya ita ce aiki ya zo ta wannan yawon nasa. Gidaje suka fara kiranmu aski da dashe, har wani otal ya ba mu kula da harabarsa. Amma akwai abu ɗaya. Wayar Malam tsohuwa ce, kullum a mace, don haka lambata ya riƙa bayarwa. Ya sami allo ya rubuta ta da fenti, manya-manya, irin rubutun malaman makaranta. Ya yayyanka kwali ya rubuta ta ya ɗaura a wuyan kowane dashe. Duk inda aka miƙo masa takarda aka ce a cike, tawa yake sawa. Ban hana ba, tunda ina ganin amfanin.

Sai kira ya fara yi mini yawa, irin wanda ba na ciniki ba. Ina tsakiyar haƙa rami waya ta yi ƙara, in goge hannu in ɗauka, in ji waƙa da wata murya tana cewa in danna ɗaya. Wani ya ce na ci gasar da ban shiga ba. Wata ta ce ɗana ya yi hatsari a hanyar Kaduna, alhali yana gabana yana cin abinci. Wanda ya karya ni shi ne wani mai lallausar murya da ya ce daga banki yake, ya kira cikakken sunana, ya ce za a rufe mini asusu in ban karanto lambobin jikin katina ba. A gida nake ranar. Na ɗauko katin, na karanta masa rabi, sai mai ɗakina ta fito daga kicin da gudu ta fizge wayar. Ban yi asarar komai ba, amma kunyar ta zauna mini a ƙirji. Ni da nake ganin ba a yi wanda zai yi mini wayo ba.

Daga ranar na zama wani mutum daban. Na je wajen mai gyaran waya ya tura saƙon da ke tsayar da tallace-tallace, ya kuma koya mini yadda ake toshe lamba. Wannan ya rage kiran sosai, kuma da a nan na tsaya da ba ni da abin rubutawa yau. Amma na ɗora wa kaina doka: lambar da ba ta da suna a wayata ba na ɗauka, in ta kira sau biyu in toshe. Na shafe allon da baƙin fenti. Na bi dashen ɗaya bayan ɗaya ina tsinke kwalayen. Mai mota ya tsaya ya nemi lambata, sai in tsaya ina kallon takalminsa da agogonsa ina tunanin ko aiko shi aka yi. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: wa ya ba mutumin nan cikakken sunana?

Malam ya iso da safe ya ga allon. Ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Bakano, wa ya mutu aka sa wa allo baƙi?"

"Ni na shafe. Ka raba lambata a gari kamar goron biki."

"Ai ita ta kawo mana otal. Don ɓarayi uku sun kira sai ka rufe wa mutanen kirki ɗari ƙofa?"

"Ɓarayin sun san sunana har na kakana. Wa ya san shi a nan in ba kai ba? Ko kai kake sayar musu?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka wasanmu ne na kullum. Ya ce in zai sayar da Bakano ai sai ya nemi mai tsoka, ba ƙashi irina ba. Masu gadin ofishin su biyu suna zaune kusa, su ma suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙara tunzura ni. Na maimaita maganar da ƙarfi, ba alamar wasa, na ƙara da cewa mutumin da yake yawo gida-gida yana leƙen ƙofofin mutane ba a san da wa yake hulɗa ba.

Dariyar ta ɗauke. Malam ya ajiye almakashin a kan benci, ya wanke hannu da ruwan buta, ya gyara hula, ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Bayan mako guda na ji ya kwashe kayansa ya koma Zariya wajen 'yarsa.

Tun a makon na san ƙarya na yi masa. Sunan nawa yana jikin takardu da yawa da ni kaina na cike. Mai ɗakina ta yi ta cewa in kira shi in ba shi haƙuri, ina cewa wanda ya tafi shi ya kamata ya kira. Ban goge lambarsa ba. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in duba da sauri ko sunansa ne. Haka damina ta wuce.

Sai wata baƙuwar lamba ta fara kira. Na ƙi ɗauka. Ta sake, ta sake, har kwana biyu, ni kuma na manta ban toshe ta ba. A rana ta uku ina ban ruwa ta kuma kira, na ce yau sai na wanke ko wane ne.

"Baba, ina kwana? Don Allah kar ka kashe. Ni ce 'yar abokinka, daga Zariya. Muna asibiti, jikin ya yi tsanani, yana ta cewa a kira ka."

Ina jin kalmar asibiti na ce a raina, an zo wajen. Na san 'yar Malam tana ƙarama, amma ta yi aure tuntuni, ban san muryarta a waya ba. Zariyar da ta ambata ma ba ta girgiza ni ba, na ce ai ko masu gadi aka tambaya za su faɗa.

"Wane abokin nawa? Abokaina da yawa."

"Malam, Baba. Na wajen fulawa."

"Rabin mutanen garin nan malamai ne. Faɗi sunansa. Sunansa na yanka."

Ta yi shiru. Ina jin numfashinta.

"Baba... ai mahaifina ne."

"Na ji. Faɗi sunansa in mahaifinki ne."

Ta ce, "Sunansa..." sai ta sake tsayawa.

"Kin gani? Wanda ya rubuta miki takardar ya manta bai sa ba. Ki je ki nemi sana'a, 'yar damfara, mara tsoron Allah." Na kashe, na toshe lambar nan take, na juya ina ba masu gadi labari ina alfahari.

Da yamma na ba mai ɗakina labarin ina jiran yabo. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zuba mini ido.

"Maigida, a cikin 'ya'yanka mata wacce ce ta taɓa kama sunanka a gabanka?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin? Ɗan damfara ai shi ne zai faɗa maka suna da gudu. Wanda ya kira ka daga banki tsayawa ya yi?"

Na ce in gaskiya ne me ya hana shi kira da wayarsa. Bayan kwana biyu na faki ido na kira lambarsa, na ji a kashe. Buɗe lambar matar nan in kira ta ba zai ɗauke ni komai ba, na iya, an koya mini. Na riƙa ɗauko wayar ina mayarwa aljihu. Tsoro biyu ne suka riƙe ni: kar ta zama 'yar damfara ta yi mini dariya, kar kuma ta zama 'yarsa in rasa bakin magana. Wasu baƙin lambobi sun yi ta shigowa a kwanakin, ban ɗauki ko ɗaya ba.

Wajen wata guda bayan haka wata mata ta sauko daga mota a gaban dashena, ta zo har inda nake ta durƙusa ta gaishe ni. Goshin Malam ne sak a fuskarta. Kafin ta buɗe baki na zauna a benci. Ta ce ya rasu kwana shida bayan kiran nan, an yi jana'iza. Wayarsa ta lalace tun kafin ya kwanta, lambata kuwa da ka ya karanto mata. Sauran lambobin da na ƙi ɗauka na mijinta ne da na maƙwabta.

Na tambaye ta ko ta gaya masa abin da na ce. Ta sunkuyar da kai ta ce wayar tana kusa da kunnensa, don ya so ya fara jin muryata. Ya ji komai. Ta ce bai yi fushi ba, cewa ya yi tsoro ne ya yi mini yawa, a sake gwadawa gobe, zan ɗauka. Kowace safiya sai ya sa an gwada, har ranar da ya daina magana. Saƙon da ya bari shi ne ya yafe mini, ni ma in yafe masa raba lambata da ya yi bai tambaye ni ba.

Sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne. Da na daure na faɗa. Bakina ne ya ƙi, yana kwance yana kallona."

Wannan haƙurin da ta ba ni ya fi zagi ciwo. Yarinya ta yi abin da muka koya wa 'ya'yanmu, mu da su duka, masallaci da coci, ni kuma na ɗauki tarbiyyarta na mai da ita shaidar sata. Na je Zariya na yi wa iyalinsa ta'aziyya, suka karɓe ni da abinci da mutunci. Ya yafe mini, na sani, amma ban roƙa da bakina ba, kuma wannan damar ba za ta dawo ba.

'Yan damfara suna nan, ban ce ku saki jiki ba. Ku tsayar da tallan, kar ku karanta wa kowa lambar kati ko da ya san sunan kakanku. Roƙona dai, in baƙuwar murya ta ce wani naku yana kwance, ku ba ta minti ɗaya ta gama magana, ku ce a miƙa masa wayar ku ji da kunnenku. In kuma akwai wanda kuka ɓata wa rai kuna zaune kuna jiran shi ya fara kira, don Allah kar ku yi irin nawa. Ku kira shi yau.