Gayyar da Hambali Ya Kira wa Jiragen Feshi

Duk wanda ya san layin shinkafar da ke bayan Bunkure ya san Hambali, gajeren mutumin nan mai muryar da ake ji daga tsallaken kanal ɗin ban-ruwa. Korar tsuntsu ce ta buɗe masa maƙogwaro haka, don tun yana yaro yake yi wa jan-baki ihu a gonar mahaifinsa. Mutum ne na gayya. Dashe gayya, yanka gayya, ko katanga ce ta faɗi sai ya tara jama'a, kuma bai taɓa ganin aikin da yawan hannu ya ɓata ba.

Gonar ta gado ce, shi da ƙanensa Datti mai shago a Kumbotso. Datti ya daɗe yana matsa masa a sayar kowa ya huta. Hambali ya roƙe shi gaban dattawa ya bar masa noman rani ɗaya tak: in ta yi kyau a bar masa gonar, in ta lalace ya haƙura.

Shinkafa kuwa ta yi kyau, har ta yi nono. Sai ga jan-baki. Kai, ba a cewa komai! In suka tashi daga ciyawar kacalar da suke kwana ciki, rana kanta sai ta dusashe. Gwangwanayen da aka rataya a igiya suka zama abin wasa, mutum-mutumin da Saude matarsa ta yi wa riga da tsohon zaninta kuwa a kansa suke hutawa.

Manoma suka tura Hambali ya yi ta zirga-zirga, har aka yi musu alkawarin ƙaramin jirgin feshi. A filin jirgin ya gaisa da matuƙin, Kyaftin Yusuf, mutum mai fara'a. Kyaftin ya nuna masa wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, manne jikin gilashi. Ya ce da ita yake yawo ko'ina, ita ke sanar da shi in akwai wani jirgi kusa, tun kafin ido ya gani.

"Malam Hambali, in ta yi kuka alhali ban san da kowa a sama ba, juyawa nake. Ba na gardama da ita."

Hambali ya gyaɗa kai, ransa na can gona. Shi a tunaninsa manyan jiragen Makka ake nufi.

Ana cikin jira wasu samari suka zo da ɗan jirgin nan marar matuƙi, shi ma yana feshi, sai dai cikinsa bai fi jarka guda ba. Nan fa halin Hambali ya motsa. Ya ce ai ga gayya Allah ya kawo: babba ya bi ta sama, ƙarami ya tare ta ƙasa, su gama da tsuntsu yamma guda. Samarin suka tambaya ko an gaya wa matuƙin. Ya ce su bar masa wannan, ai shi da Kyaftin sun saba. Bai gaya masa ba. Wa ke neman izinin kawo wa mutum gudummawa?

Da yamma liƙis, lokacin da tsuntsu ke komawa makwanci, aka jiyo ƙugin jirgin. Gari ya fito, mata na guɗa. Hambali ya ɗaga hula, samari suka tayar da nasu. Jirgin ya sauko kamar zai taɓa kacala, sai kawai ya karkata, ya yi sama, ya miƙe arewa. Ko ɗigo bai zubar ba.

Hambali ya bi shi da gudu kan kunyar gona yana ihu, da muryar nan tasa, har ya faɗa cikin taɓo.

Washegari aka ce na'urar ce ta yi kuka, kuma jirgin ya wuce wata jiha inda ake jiransa. Kafin layi ya sake zagayowa, shinkafa ta zama ƙaiƙayi a tsaye. Ba tasa kaɗai ba, ta manoman layin baki ɗaya. Babu wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Gaisuwa kawai ta gajarta.

Ranar da Datti ya zo da masu awon fili, Hambali na kwance igiyar gwangwanaye. Datti ya ce, "Yaya, ko in kira mutane su taya ka?"

Hambali bai ɗago ba. "Bar su," in ji shi a hankali. "Wannan ni kaɗai zan yi."