Sautun Laftof ɗin Kawu

Wata tara na yi a Sakkwato ina koyon kwamfuta, na dawo Gummi da satifiket da wani irin girman kai wanda in na tuna yanzu sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin wayar salula ba ta daɗe da iso mana ba, duk wanda ya iya cewa furosesa ya zama masani. Ni kuwa a wuni sai in faɗe ta sau goma. Inna har cewa ta yi tun da na dawo ba a ƙara gane Hausata ba.

Kawuna, ƙanen Inna, malamin firamare ne mai karatun digiri lokacin hutu. Da aka zo rubuta furojet ya sayar da bijiminsa ya ba da sautun laftof. In aka ce sautu a garinmu kuwa mutum ɗaya ake nufi, wani dattijo abokin Kawu da ke bin motar hatsi zuwa Kano duk mako biyu. Baba muke ce masa. Bai yi boko ba, rasit ma ba ya karɓowa. Mace za ta ƙulle abin da ta tara na kayan ɗakin ɗiyarta ta aika masa, mai injin niƙa daga Adabka ya aiko a sayo masa bel, ba mai tambayarsa yadda aka yi ciniki. Abin da ya faɗa shi ke nan. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, da wannan yardar ta mutane yake ciyar da gidansa.

Ran da ya kawo laftof ɗin, Kawu ya aika a kira ni majalisarsu ta gindin darbejiya bayan La'asar, in duba masa. Mutane sun cika tabarma, har da masu leƙe a tsaye. Kwana uku ba wuta a garin, da batirinta na kunna ta. Ta hannu ce amma tsaf take. Da na ce Allah ya sanya alheri na tashi, da shi ke nan. Ina, ai sai na nuna na yi karatu. Na buɗe shafin da ke nuna abin da ke cikinta. A takardar da ke manne a jikinta an rubuta gudun furosesa dubu ɗaya da ɗari shida. A shafin kuwa ɗari shida na gani.

Na yi tsaki mai ƙarfi don kowa ya ji. Na bayyana musu cewa furosesa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, yana da agogo mai bugawa, yawan bugun shi ne saurinta. Sannan na ce, "Kawu, an cuce ka. An cire mai kyau an sa maka gajiyayye, ko rabi bai kai ba."

Wani ya ce, "To wa ya cire?"

Ban sani ba, kuma ba abin da zai hana in ce ban sani ba. Amma sai na dubi Baba na ce, "Ai sai a tambayi wanda ya sayo."

Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗana, ni ban san cikin abin ga ba. Yadda aka ba ni, haka na kawo."

Ba wanda ya zage shi. Mutanenmu ba sa haka, shiru suke yi, shirun kuma ya fi zagi. Tafiyarsa ta gaba mata biyu na unguwarmu suka aika a karɓo musu ƙullinsu, wai sun fasa. Mai injin niƙa ya koma wa wani direba. Kawu kuwa ya daina zama kusa da shi. Ni kuwa ina ta yawo ana nuna ni, ga yaron da ya kama Baba.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, na karɓi laftof ɗin wurin Kawu na kai ta shagon cajin waya mai janareto. Na jona ta, na buɗe shafin nan don in nuna wa mai shagon cutar da aka yi wa Kawu. Allah ya so ni ya fita sayen fetur, ni kaɗai na ga lambar, dubu ɗaya da ɗari shida. Na zare wayar wutar na sake buɗewa, ɗari shida. Na mayar, ta hau. Na yi haka ya fi sau biyar. Na koma gida na zazzage takardun makarantar da ban taɓa karanta rabinsu ba, ga shi nan baƙi a kan fari: furosesan laftof yana rage bugun agogonsa da kansa in yana kan batir ko in ba aiki mai nauyi, don kada caji ya ƙare, kada kuma ya yi zafi. Lafiyarsa lau. Ni ne jahilin.

Abin da na yi daga nan shi ya fi ba ni kunya. Na shiga wurin saita wuta a cikin laftof ɗin, na zaɓi wanda ke hana furosesan rage gudu, lambar ta tsaya a sama ko ba janareto. Na kai wa Kawu na ce na sha fama amma na ƙara wa gajiyayyen gudu. Kawu ya yi ta sa mini albarka. Batirin da ke kai shi awa biyu ya koma ƙarewa kafin ya buga shafi uku, gindinta ya riƙa ƙona masa cinya, na ce ai halin kayan cuta ne.

Damina ta wuce, aka yi girbi, motar hatsi ta ci gaba da zuwa Kano ba Baba a ciki. Wata rana na gan shi a kasuwa yana auna wa wani gero da tiya, aikin da yaransa ma ba sa yi a da. Ya ɗago ya gaishe ni da fara'a, har da tambayar Inna. Na amsa a gurguje na wuce.

Na same shi a zaurensa ran Laraba da safe, na tabbata ba kowa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi wa Kawu. Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Wato lafiyarta lau?"

Na ce lau.

Ya yi hamdala. Ya ce sau biyu ya koma wa mai shagon da ya saya a Kano, har suka ɓata, mutumin da suka yi shekara da shekaru tare. Ya ce shi ma kansa ya fara zargin ko tsufa ne ya sa aka yi masa wayo.

"Na yafe maka duniya da lahira," in ji shi. "Amma ɗana, wancan zance gaban jama'a ka yi shi. Wanga kuwa daga ni sai kai. Ka taho majalisa yau bayan La'asar ka faɗa musu yadda ka faɗa mini."

Na ce to, Baba, in sha Allahu.

Na yi La'asar a masallacin wata unguwa. Na biyo ta bayan gari har inda nake hango darbejiyar. Kawu na nan, mutane sun cika. Baba na zaune a gefen tabarma shi kaɗai, ya sa farar rigarsa ta Juma'a ran Laraba, yana ta duban hanyar gidanmu. Na tsaya bayan katanga ina shirya kalmomi, ina cewa bari mutane su ɗan ragu. Ina nan tsaye har aka kira Magariba, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya bi sahu.