Jar Tutar Yaya Sabo

Kakarmu Iya Dije ba ta iya tatsuniya mai daɗin ƙarshe ba. A gidanmu na Tudun Wada, bayan sallar magariba, takan zauna gaban murhu tana gasa doya, mu jikoki mu kewaye ta. Kakannin wasu in sun ba da labari, maraya ne ke auren 'yar sarki. Iya Dije kuwa in ta fara da yara bakwai, ka gode wa Allah in ɗaya ya koma gida. Tsoronta muke ji, kuma rububin zama kusa da ita muke yi.

Ina aji huɗu mutanen ƙaramar hukuma suka zo makarantarmu, domin titin gabanta ya sha cin yara, musamman masu zuwa da keke. Suka koya mana bin gefen hanya da miƙa hannu kafin a karya kwana. Suka shafa fararen layuka a kan kwalta, suka ce doka ce mota ta tsaya a nan. Sannan suka ba yayana Sabo, ɗan aji shida, jar tuta. Shi zai shiga tsakiyar titi ya ɗaga ta har yara su haye, kuma mai tuta ba ya gudu.

Ranar Yaya Sabo ya zo gaban murhu da tutar a kafaɗa, sai ka ce an yi masa naɗin sarauta. Iya ta kalle shi sama da ƙasa.

"Maigidan, wannan tsumman fa?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta juya doyarta, ta ce, "Direbobin fa, su ma an sa su a ajin?"

"Doka ce, Iya."

"Uhm. To ku matso, ga wata nan tafe."

Muka ce ta zo mu ji.

Wai giwaye ne ke bin hanyar rafi suna tattake 'ya'yan zomaye. Dabbobi suka yi taro, Kura ce shugaba. Ta ce ai da sauƙi: a ba ɗan zomon da ya fi hankali jan ganye ya tsaya a hanya, giwa na gani za ta ja birki. Aka yi ta guɗa. Amma ba wanda ya je ya gaya wa giwa, don kowa na son ransa. Kura ta zauna a gindin bishiya, wai tana sa ido. Giwa ta taho, ɗan zomo ya ɗaga ganye. A nan Iya ta jawo gawayi, ta murƙushe shi da dunduniya. Sai Kura ta rugo da kuka, ta lashe wurin tas, ta karkaɗe ganyen, ta ce, "Allah sarki, jarumi ne. Ina ƙanensa?"

"Ƙurunƙus," in ji Iya. "Wa zai ci ɓangaren da ya ƙone?"

Yaya Sabo ya miƙe, idonsa ya cicciko. "Wallahi Iya ke muguwa ce. Baƙin ciki kike yi mini."

"Na ji. Muguwar da ke gasa maka doya."

Innarmu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Haba Iya, kada ki yi wa yaro baki." Ni ma a ranar na tsani Iya.

Da farko abin ya yi aiki, ban ɓoye ba. Masu keke da babur da motocin unguwa suna tsayawa, har su ɗaga masa hannu. Sai damina ta wanke layukan, ba wanda ya zo ya sake shafawa. Wata safiya babbar mota ta taho daga ƙauye maƙil da doya. Ina tsaye a bakin titi na ga Yaya Sabo ya shiga, ya ɗaga tuta, ya tsaya ƙyam yadda aka koya masa. Muka yi ta ihu ya gudu, bai gudu ba. A asibiti aka yanke masa ƙafar hagu. Direban ya rantse da Allah ya zaci yaron wasa yake yi.

Yaya Sabo na kwance a asibiti, hedimastanmu ya kira ni, ya miƙo mini tutar, an wanke ta har da guga. Ya ce ni ce ƙanwar jarumi, ni ya kamata in riƙe. Na kawo ta gida. Iya ta karɓa, ta cusa ta cikin murhu da sandarta duka, ta ɗora doya a kai.

"Gobe ki gaya wa hedimasta ƙanen zomo ba ya nan."

Daga ranar ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Daga baya aka zo aka yi tudu a kan titin don motoci su rage gudu. Ranar buɗewa aka gayyato Yaya Sabo da sandunansa, aka tsayar da shi a rana, aka yi masa tafi. Innarmu kuwa har Iya ta rasu tana cewa bakin tsohuwar ne ya kama shi.

Ni ma na daɗe ina ganin haka. Sai da na zama malama na gane ba baki ta yi masa ba, tambaya ta yi, kuma duk gidan da makarantar ba wanda ya amsa. Yanzu in an zo da irin wannan shiri ba na ƙi, ina so yara su iya hanya. Amma ba na ba da yaro ko ɗaya sai an gaya mini wa ya je wurin giwa.

Yaya Sabo yana gyaran keke a unguwar Sauka Kahuta. Birki yake fara dubawa, ko ba shi aka kawo ba. In ya gama, sai ya nemi mai ƙafa biyu ya ɗana masa.